Babi na Shida: Ciwon Kan da Ba Ya Sallama

Yawancin ciwon kai yakan yi sallama kafin ya shigo. Na zazzaɓi yana farawa da kasala da ɗacin baki, na rana yana taruwa a goshi sannu-sannu tun daga hantsi, na yunwa kuwa kowane mai azumi ya san sa'arsa. Akwai ɗaya da ba ya yin haka. Cikin ƙasa da minti guda yake kai maƙura, kuma waɗanda suka rayu har suka ba da labari kusan bakinsu ɗaya: ji suka yi kamar an maka musu wani abu a ƙeya, har wasu kan waiga su ga wanda ya buge su. Daga nan sai amai, sai wuya ya sanƙare, ido ya ƙi haske. Wani ya suma ya farfaɗo, wani ko shurawa ba ya yi.

Abin da ya faru a cikin kai shi ne jijiyar jini ta fashe. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani zobe na manyan jijiyoyi da ke raba mata jini, wanda likitan Ingila Thomas Willis ya bayyana a littafinsa na 1664. A wuraren da jijiya ke rabuwa biyu, bangonta yana shan bugun jini dare da rana, kuma a jikin wasu mutane bangon yakan saki, ya bunƙuro waje ya zama 'yar jaka mai wuya. Likitoci na ce mata aniyurizim. Yawancinta ba ta wuce milimita 5 zuwa 10 ba. Kusan mutum 3 cikin kowane 100 na manya suna yawo da irinta ba su sani ba, kuma mafi yawansu za su tsufa su mutu da wani ciwon daban ba ta taɓa motsawa ba. Amma in ta fashe, jini kan kwarara da ƙarfin bugun zuciya cikin ruwan da ƙwaƙwalwa ke kwance a ciki. Mutum 1 cikin 8 ko makamancin haka yakan cika kafin a kai shi asibiti, ko da a ƙasashen da motar asibiti ke zuwa ƙofar gida. In aka haɗa duka, kusan kashi ɗaya cikin uku ba sa tsallake watan farko. Ciwon ya fi kama mata, ya fi zuwa wajen shekara hamsin, wato lokacin da mutum yake riƙe da gida.

Abin lura shi ne wannan zubar jinin ta farko takan tsaya da kanta. Gudan jini ya toshe ɓular, marar lafiya ya buɗe ido, ya nemi ruwa, dangi su yi hamdala. Toshiyar nan ba ta da ƙwari. Awanni 24 na farko su ne mafi haɗari, kuma in ba a yi wa jakar komai ba, kusan mutum ɗaya cikin biyar za ta sake fashe masa kafin mako biyu, kusan rabi kafin wata shida. Fashewa ta biyu ta fi ta farko kisa nesa ba kusa ba. Saboda haka duk aikin da likitoci ke yi a kan jakar, ko ta buɗe kai ko ta cikin jijiya, manufarsa ɗaya ce: a hana ta biyun. Ɓarnar da ta farko ta riga ta yi, aikin ba ya gyara ta. Dangi da yawa ba a yi musu wannan bayani, sai su zaci da an fito daga ɗakin tiyata magana ta ƙare.

Hanyar farko ta rufe jakar ita ce a buɗe ƙoƙon kai. A 1937 Walter Dandy, a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, ya danne wuyan irin wannan jaka da ɗan matsi na azurfa, kuma har yau asalin aikin bai sauya ba, sai dai an samu madubin ƙara girma, matsin kuma ya koma na taitaniyam. Ana yanke ɗan ɓangaren ƙashi ta wajen goshi ko gefen kai, a lallaɓa ta ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, a gano wuyan jakar, a datse. In matsin ya zauna daidai, da wuya jakar ta dawo. Irin wannan aiki aka yi wa Joe Biden sau biyu a 1988 yana sanata, ya kuma rayu har ya mulki Amurka.

Hanya ta biyu ta taso ne daga hannu daban-daban. Egas Moniz na Lisbon ya nuna a 1927 cewa in aka zuba wani ruwa cikin jijiya, jijiyoyin ƙwaƙwalwa za su fito a hoto. Sven Seldinger na Suwidin ya ƙirƙiro a 1953 yadda za a shigar da siririn bututu cikin jijiya ta hujin allura, ba sai an tsaga ba. Fedor Serbinenko a Mosko ya riƙa tura ƙananan balan-balan har cikin jijiyoyin kai, ya wallafa sakamakonsa a 1974. Sai Guido Guglielmi, ɗan Italiya mai aiki a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wanda ya haɗa ilimin tiyata da son harkar lantarki. Shi ya fito da lallausan zaren filatinam da ke manne a bakin waya, wanda likita zai iya turawa, ya janye in bai zauna ba, ya sake turawa, sai ya gamsu sannan ya sake shi da ɗan ƙaramin lantarki. An fara gwada shi a jikin mutum a 1990, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1995.

Ɗakin da ake wannan aiki bai yi kama da ɗakin tiyatar da muka sani ba. Marar lafiya na kwance an sa shi barci, kansa tsakanin manyan na'urorin ɗaukar hoto, likita kuma yana tsaye can wajen cinyarsa sanye da rigar darma mai nauyi saboda hasken na'urar. Idonsa ba ya kan marar lafiya, yana kan allo. Ya huda jijiyar gindin cinya, ko ta wuyan hannu kamar yadda ake yawan yi yanzu, ya tura bututu ya bi babbar jijiyar ciki, ya wuce ta saman zuciya, ya hau wuya. Ta cikin wannan bututu sai ya zura wani wanda kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, ya riƙa murza shi da 'yan yatsu biyu daga nisan fiye da mita guda, kwana bayan kwana, har bakinsa ya leƙa cikin jakar. Zaren farko shi ne mafi wuya, domin shi zai kewaye bangon ya zama firam, kuma bangon nan jiya-jiya ya fashe. In aka matsa da yawa zai sake ɓulewa a gaban idon likita. Bayan ya zauna sai a bi shi da na biyu, na uku, kowanne ya fi na baya ƙanƙanta da laushi, ana zuba ruwan hoto ana dubawa, har a ga ruwan ya wuce ta jijiya bai shiga jakar ba.

Mutumin fadamar Haɗeja ba sai an wahala wajen yi masa bayanin dalilin da wannan ke aiki ba, domin ya ga kachalla. Tun da madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar kogin, ciyawar nan ta samu wurin zama a magudanan ruwa wajen Guri da Kiri Kasamma har zuwa Nguru. Ba toshe hanya take yi rana ɗaya ba. Rage wa ruwa gudu take yi, laka ta samu damar kwantawa a tsakanin saiwoyinta, a hankali hanyar da kwale-kwale ke bi ta zama tudu. Zaren filatinam ma bai cika jakar ba, bai fi ya ci kashi ɗaya cikin uku na cikinta ba. Yana karya gudun jini ne, jinin ya daskare a tsakaninsa, daga baya jiki ya shimfiɗa sabuwar fata a bakin. Abin da ya zame wa masunta da manoma masifa, shi ake nema a nan da gangan.

To wacce ta fi? An daɗe ana musu, likitocin buɗe kai na ganin sabuwar hanyar wasa ce, har aka yi babban gwajin da ake kira ISAT a ƙarƙashin Andrew Molyneux da Richard Kerr na Oxford. An fara a 1994, aka raba marasa lafiya 2,143 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, yawancinsu a Turai. A 2002 aka dakatar da ɗaukar sababbi kafin lokaci, domin bambancin ya riga ya fito. Bayan shekara guda, cikin waɗanda aka buɗe wa kai kusan kashi 31 cikin 100 sun mutu ko sun zama sai an yi musu komai. Cikin waɗanda aka bi ta jijiya, wajen kashi 24 ne. Wato a kowane mutum 100, an samu ƙarin 7 da suka koma gida da ƙafarsu suna iya kula da kansu. Da aka ci gaba da bin marasa lafiyar Birtaniya, a shekara ta goma kashi 83 na masu zare suna raye, na masu matsi kashi 79.

Wannan sakamako ya juya harkar a Turai da Amurka cikin 'yan shekaru. Sai dai akwai abin da masu tallar asibitocin waje ba sa faɗa. Marasa lafiya fiye da 9,500 aka duba kafin a zaɓi waɗancan 2,143, kuma an ɗauki wanda likitocin ɓangarorin biyu suka yarda cewa kowace hanya za ta yi masa ne kawai. Yawancinsu sun iso asibiti cikin hayyacinsu, jakarsu ƙarama. Sannan zare yana da nasa aibin: bugun jini kan danne shi ya matse, bakin jakar ya sake buɗewa. Hakan na faruwa ga kusan mutum ɗaya cikin biyar, kuma kusan ɗaya cikin goma sai an sake masa aiki. Sake fashewa bayan shekaru ba ta da yawa, amma ta fi yawa a masu zare. 'Yar wasan Ingila Emilia Clarke ta ga fuskokin biyu. A 2011, tana da shekara 24, jaka ta fashe mata a wurin motsa jiki a Landan, aka yi mata aiki ta jijiya, ta yi kwanaki ba ta iya faɗin sunanta. A 2013 aka je rufe wata jakar ta hanya ɗaya, aikin ya ɓaci, dole aka buɗe kai.

Shi ya sa a asibitin da ke da hanyoyin biyu, siffar jakar ce ke yanke hukunci. Wadda take can baya kusa da tushen ƙwaƙwalwa, inda wuƙa ke wahalar kaiwa, da ta tsoho mai rauni, sun fi dacewa da zare. Mai faɗin wuya wadda zare zai zubo daga cikinta, ko wadda ta tara babban gudan jini da ke danne ƙwaƙwalwa, ko ta matashi da ke da shekaru arba'in a gabansa, sau da yawa matsi ya fi. Akwai sababbin kayan aiki, irin ragar ƙarfe da ake shimfiɗawa cikin jijiya ta kawar da jini daga bakin jakar, amma tana buƙatar magungunan hana jini daskarewa, abin da likita ke ɗari-ɗari da shi ga wanda kansa ya gama zubar da jini.

Duk wannan lissafi na wanda ya isa ƙofar ɗakin ne. A ƙasar Haɗeja, abin da ke raba mai rai da mamaci yakan faru tun kafin nan.

A ɗauka wata uwa ce mai shekara hamsin a wani ƙauye bayan Auyo, cikin watan Afrilu, ta sunkuya ɗaukar tulu sai ta dafe ƙeya ta durƙushe. Ta yi amai, wuya ya ƙi lanƙwasuwa. Babban ɗanta zai ce, "Inna, sannu, zafin nan ne, bari a kira mai kemis." Ƙanwarta za ta ja shi gefe ta ce, "Kai dai a kira malam, faɗuwar nan ba ta Allah da Annabi ba ce." Mai kemis zai zo ya ce maleriya da taifot, ya ɗaura ruwa, ya yi allurar kashe ciwo, wataƙila ya haɗa da asfirin, wanda ke hana jini daskarewa a daidai lokacin da rayuwarta ke rataye da ɗan gudan jini. In aka yi sa'a aka kai ta asibiti a Haɗeja, akwai wani tarkon da ba laifin kowa ba ne. Muna cikin yankin sanƙarau, lokacin zafi ne, ga ciwon kai ga sanƙarewar wuya. Kowane ma'aikacin lafiya sanƙarau zai fara kawowa a ransa, kuma sau da yawa ya yi daidai.

Abin da ke bambanta su tambaya ce guda wadda ba ta cin ko kwabo: yaya ciwon ya fara? Sanƙarau yakan taso cikin awanni, da zazzaɓi a gaba. Wannan kuwa marar lafiya ko wanda ke kusa da ita zai iya faɗa maka abin da take yi a daidai lokacin, tulu ne a hannunta ko tana raka'a ta biyu. Hoton siti-sikan da aka ɗauka cikin awa shida na farko kusan ba ya kuskuren nuna jinin, amma kullum kwana ya ƙaru jinin na wankewa, hoton na raguwar amfani. Inda babu na'urar, ruwan ƙashin baya da ake ɗiba don neman sanƙarau shi ma yana magana: maimakon ya fito gurɓatacce da ruwan mugunya, sai ya fito da jini daga kwalbar farko har ta ƙarshe, ko ya yi rawaya in an kwana.

Daga nan sai hanya. Haɗeja zuwa Kano wajen kilomita 200 ne, ko ta Gujungu ko ta Malam Madori da Gumel. Wannan a rani ke nan. A shekarun ambaliya irin 2020 da 2022, ƙauyuka da yawa na Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kiri Kasamma sai da kwale-kwale ake fita daga cikinsu kafin a ga kwalta. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a wannan shiyya suna manyan asibitocin koyarwa ne, irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda Farfesa Bello Bala Shehu ya jagoranci kafa cibiyar wannan fanni. Fannin kansa ya fara a Najeriya tun 1962, lokacin da Latunde Odeku ya dawo Ibadan daga Amurka, amma har yau masu yinsa ba su kai ko kusa da buƙatar ƙasar ba, kuma aikin jakar jijiya ƙwarewa ce ta daban ko a cikinsu. Aikin zare kuwa sabo ne a ƙasar, an fi jin labarinsa a asibitoci masu zaman kansu a Legas. Yana son na'urar hoto mai tsada, wutar da ba ta ɗaukewa, da zarurrukan da ake sayowa da dala, kowanne sau ɗaya ake amfani da shi, kuma jaka ɗaya na iya cin guda biyar ko fiye. A ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun marar lafiya yake fita, wannan na nufin gonar fadama da shanun huɗa.

A nan nake da ra'ayi, kuma na san wasu ba za su so shi ba. Iyalin da Allah ya hore wa, da sun ji an ce akwai aikin da ba a buɗe kai, sai hankalinsu ya tafi Alƙahira ko Indiya. A shiga neman fasfo, biza, canjin kuɗi, wasiƙar asibiti, mako biyu ko uku su wuce. Waɗannan makonnin su ne ainihin lokacin da jakar ke sake fashewa. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin wannan fanni ke bi ita ce a rufe jakar da wuri, in da hali cikin awa 24. Ribar mutum 7 cikin 100 da zare ya fi matsi da ita ba ta kai haɗarin sake fashewa ga mutum 20 cikin 100 da jira na mako biyu ke jawowa ba. In akwai likitan da ya saba datse irin wannan jaka a inda mota za ta kai ka yau, shi ya fi wanda jirgi zai kai ka wurinsa bayan sallah. Tambayar da ta kamata dangi su yi wa likita ba tare da jin nauyi ba ita ce, "Likita, ana yin wannan aikin a nan? In ba a yi, ina ne mafi kusa, kuma yau za mu tashi ko gobe?"

Ko an rufe jakar, saura mako biyu na fargaba. Jinin da ya zuba yana fusata jijiyoyin da ya kwanta a kansu, sai su tsuke, yawanci tsakanin kwana na 3 da na 14. Marar lafiyar da ta ci tuwo jiya sai a ga yau hannu ya saki ko magana ta karkace. Kusan mutum uku cikin goma na gamuwa da wannan. Maganin da aka tabbatar yana rage ɓarnar shi ne nimodifin, ƙwaya ce da ake sha duk bayan awa huɗu har kwana 21, dare da rana, ba tsallake. Ba ya buƙatar na'ura ko ƙwararre, kuma ya kamata a fara shi tun ranar da aka gane ciwon, ko da ba a kai ga aiki ba. Wasu kuma jinin kan toshe magudanar ruwan ƙwaƙwalwa, ruwan ya taru, barci ya yi ta rinjayarsu, sai an sa bututu an zuƙe. Ga gishirin jiki da ke faɗuwa, wanda gwajin jini kawai ke nunawa. Sakamakon da aka samu a gwajin ISAT da irin wannan jinya aka same shi, da ma'aikaciyar jinya da ke tashin marar lafiya cikin dare tana tambayarsa sunansa.

Waɗanda suka koma gida ma ba duka suke komawa yadda suke ba. Ƙafa na tafiya, baki na magana, amma ga saurin gajiya, ga mantuwa, ga saurin fushi, hayaniyar kasuwar kifi ko ta gidan biki ta gagare su. A gidajenmu irin wannan sai a ce ta cika son jiki tun da ta dawo daga asibiti, ko a koma zancen iskoki. Raunin ƙwaƙwalwa ne, kuma yakan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin ya lafa. Wanda aka sa wa zare kuma yana da alƙawari da na'urar hoto, yawanci bayan wata shida, sannan a sake daga baya, don a ga ko bakin jakar ya buɗe. Wanda ya yi aikinsa a ƙasar waje ya tambaya tun kafin ya baro can wa zai duba shi a gida, ya kuma taho da hotunansa a faifai, ba takardar sallama kaɗai ba.

Abubuwan da ke sa jakar ta fito ta kuma fashe sanannu ne, manyansu hawan jini da taba sigari. Kusan kashi ɗaya cikin uku na manyan Najeriya na da hawan jini, da yawansu ba su taɓa sa hannu a na'urar awo ba, wasu kuma sukan sha magani sai sun ji sauƙi su ajiye. A kwarin Haɗeja zuwa Gashuwa, inda ciwon ƙoda ya daɗe yana cin mutane, abin ya ƙara nauyi, domin ƙoda da hawan jini kowanne na hura wa ɗan'uwansa wuta, kuma akwai wani nau'in ciwon ƙoda na gado, mai sa ƙodar ta yi ƙulle-ƙullen ruwa, da ke tafiya tare da wannan jaka. Masu sikila ma sun fi sauran mutane samunta, sau da yawa fiye da ɗaya. In a gida ɗaya mutum biyu na jini ɗaya, uwa da 'ya ko wa da ƙani, sun taɓa gamuwa da fashewar, likitoci na ba sauran 'yan ɗakin shawarar a yi musu hoton jijiyoyin kai tun suna lafiya. Jakar da aka gano ba ta fashe ba, ana da lokacin zama a auna ko a taɓa ta ko a sa mata ido, a nemi kuɗi a tsanake, har a zaɓi asibiti.